Mai Shara da Ƙafar Hedimasta

A asibiti Iya Mai Shara ake ce mata, a gida kuma Goggo. Mutum ɗaya ne tak har yau yake kiranta Auta, duk da furfura ta gama cinye mata kai. Shekara ashirin da shida ke nan tana goge ɗakin masu karaya, mai gado goma sha takwas, tara nan tara can. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, ga saurin hannu ga saurin baki. In ka taka mata inda ta goge bai bushe ba, ko kai ne babban likita sai ka ji abin da ba ka so. Ba a cika ganin haƙoranta ba, domin a cewarta ba ta ga abin dariya a ɗakin da kullum ake shigo da mutane ranga-ranga ba.

Aikinta a duƙe ake yinsa, shi ya sa ta san abin da masu tsayuwa ba su sani ba. Likitoci in sun shigo zagayen safe, hoton ƙashi suke ɗagawa su duba a hasken taga, su yi 'yan maganganunsu, su wuce gado na gaba. Ita kuwa tana ƙarshen gado da tsummanta, tana kallon ƙafafun da suka leƙo daga bargo. Tsofaffin da ake kawowa da karyayyen ƙugu, in ka ɗebe ɗaya ko biyu, ƙafarsu iri ɗaya ce. Farce ya yi kauri ya lanƙwashe kamar ƙahon rago, wani ya nutse cikin nama, dunduniya ta tsattsage da faso, tsakanin yatsu ya jiƙe ya yi fari. A ƙarƙashin gadon kuma ga silifas ɗin da aka zo da su, ƙasansu ya cinye ya yi sumul. Ka tambayi 'ya'yan yadda aka yi, amsar ba ta canzawa: "Wallahi haka kawai ya faɗi, tsufa ne."

Tsufa, tsufa! Babu kalmar da ta kai wannan ba ta haushi. Sau ɗaya ta taɓa tare wani matashin likita ta nuna masa ƙafar wata tsohuwa, ta ce ga abin da ya kayar da ita nan. Ya yi murmushi ya ce, "To Iya, mun gode," sannan ya nuna mata inda ruwa ya zube kusa da famfo. Daga ranar ta kama bakinta, amma zuciyarta ba ta taɓa hucewa ba.

Mutum ɗaya ce a duk asibitin take jin abin da take faɗa. Can ƙarshen baranda, kusa da inda ake jibge gadajen da suka lalace, akwai wani ɗan ɗaki da a da sito ne. Ranar Talata kaɗai ake buɗe shi, wata nas mai gilashi ta zauna a guntuwar kujera tana duba ƙafafun mutane. Sista Mai Ƙafa ake ce mata, wasu ma da raini suke faɗa. Goggo ce ke share guntayen farcen da suka zuba, kuma takan ja aikin da gangan don ta tsaya ta kalla. A nan ta koyi cewa farce a miƙe ake yanke shi, ba a bin gefe ana ƙwaƙula. Ba a kai reza kan kaushi. Ana shafa mai a dunduniya, amma tsakanin yatsu busar da shi ake yi. Ta ga yadda Sista ke sa mutum ya rufe ido, ta taɓa tafin ƙafarsa da wani siririn zaren roba, ya faɗi inda ya ji da inda bai ji ba. Ta ga kuma duk wanda ya shigo sai an kife takalminsa an duba ƙasansa.

"Ƙafar da ke ciwo ba ta taka ƙasa tsakani da Allah, Iya," in ji Sista wata rana. "Mutum ya dinga kare yatsa ɗaya, sai ya karkace gaba ɗaya. Ranar da ya yi tuntuɓe kuwa, babu yatsun da za su kama masa ƙasa."

Su biyu suka rage a cikin 'ya'yan Innarsu, ita da yayanta da ya ba ta shekara goma sha ɗaya. Yana kwalejin horon malamai, ita tana aji biyar, lokacin da ɓarin jikin Inna ya shanye. Babu wanda ya zaunar da ita ya tambaye ta, jakar makarantar kawai aka rataye a ƙusa, ta shekara bakwai tana juya Inna, tana wanke ta, tana yanke mata farce. Shi kuwa ya yi karatu ya zama Hedimasta, sunan da ya bi shi har bayan ya ajiye aiki. Farar riga yake sawa da baƙin takalmi sau-ciki mai igiya, wanda yake gogewa da kansa duk safiya. Ƙarar takalmin nan kaɗai a baranda takan sa aji shida su yi tsit.

Da mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku, ta samu aikin shara a asibiti, Yaya ya aika aka kira ta. Ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Shara? A gidanmu? Kin zubar mana da mutunci, Auta." Ta ce masa mutunci ba ya shiga tukunya, ta tashi ta tafi aikinta. Tun daga lokacin in ta je gaishe shi ta miƙa hannu za ta ɗauki wani abu, sai ya ce, "Kin dai wanke hannu ko?" Yana faɗa yana dariya, amma kowa ya san ba wasa ba ne. Ta haɗiye, saboda babba babba ne, kuma shi kaɗai ya rage mata.

Shekara biyu da suka wuce matar Hedimasta ta rasu. Babban ɗansa, Injiniya, wanda ke gina gadoji, ya ɗauko shi ya dawo da shi gidansa, ƙaton gida mai tayil da ke ƙyalli har mutum na ganin fuskarsa a ciki. A wannan gidan ya faɗi sau biyu. Na farko a lungun da ke zuwa ɗakinsa, ya tashi ya kakkaɓe riga ya ce santsi ne. Na biyu a ƙofar banɗaki, goshi ya fashe, Injiniya da kansa ya tsince shi cikin jini.

Gaskiya ɗaya ce, yaron yana son ubansa, kuma ya yi iya yinsa. An ɗauki hoton kai, an gwada ido, an gwada zuciya, an ɗebi jini har sau uku. Komai lafiya, sai ɗan ciwon suga da bai yi nisa ba. Likita na ƙarshe ya rufe fayil ya ce a dai kula kada ya sake faɗuwa. Injiniya ya dawo gida ya yi lissafi irin nasu na masu gini, ya gano cewa abin da bai tsaya ba ba ya faɗuwa. Washegari sai ga keken guragu sabo fil, da doka a kansa: Baba ba zai ƙara miƙewa ba sai mutum biyu sun riƙe shi. Bencin mai jarida da ke bakin layi, inda tsohon ke zama kullum da hantsi yana gardama da tsararrakinsa, shi ma an soke shi.

Da Goggo ta ga keken nan sai ta tsaya cak. Ta san shi sarai. Tsoho in ya yi wata uku a zaune cinyoyinsa narkewa suke yi, daga kujera sai gado, daga gado sai gyambo a baya, daga nan kuma sai a fara kiran dangi a waya. Ta ga haka ya fi a ƙirga, ga shi kuma Yaya har ya yi mako biyar a ciki. Ta tari Injiniya a tsakar gida yana shirin shiga mota.

"An duba ƙafarsa?"

"Haba Goggo, har ƙwaƙwalwarsa fa aka duba."

"Da ƙwaƙwalwar yake taka ƙasa?"

Ya yi dariya, ya ce Goggo ba ta rabo da barkwanci, ya ja motarsa. Ta bi motar da harara har ta fice. An bar jaki ana dukan taiki, kuma wai masu ilimi ne suke yi.

Ranar Litinin da ta tashi aiki ba ta biya gida ba. Ta same shi a ɗakinsa, cikin keken, kusa da taga, da jarida a hannu. Ana zafi kamar me, amma ƙafarsa na cikin safa mai kauri. A kan safar kuma ga wasu silifas masu laushi kamar burodi, waɗanda Injiniya ya sayo masa, ya ƙara lamba biyu a kan lambarsa don kada su matse shi, tunda tsohon ya ce duk takalmansa sun yi masa kaɗan. Ta gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba. Idonta ya sauka a kan safar dama, daidai babban yatsa, inda wani tabo ruwan ƙasa ya bushe.

"Yaya, cire safar nan in gani."

Ya sauke jaridar a hankali, ya leƙo ta saman gilashi, irin kallon da yake yi wa yaran da suka makara. "Auta, kin san da wanda kike magana?"

"Na sani mana. Da tsohon da ko banɗaki sai an tura shi."

"Hannun da ke kwasar ƙazantar asibiti ba zai taɓa jikina ba. Tashi ki ba ni wuri."

Shekara ashirin da shida tana haɗiye wannan magana, ranar nan maƙogwaronta ya ƙi. Ta ajiye jakarta, ta taka birkin keken na hagu da na dama, ta zauna dirshan a ƙasa, ta damƙi idon sawunsa da hannun da ya saba matse tsumma. Ya yi ta fizga, ina! Ya naɗe jaridar ya shiga buga mata a ka yana ƙwala wa surukarsa kira. Matar Injiniya ta zo da gudu, ta leƙo, ta ga abin da ake ciki, ta ja ƙofar ta rufe a hankali ta koma kicin.

"Buga da kyau," in ji Goggo. "Keken da ɗanka ya saya maka shi ya ba ni kai. Da da ƙafarka kake, ai da ka gudu."

Safar ta manne, sai da ta jiƙa ta da ruwan kofinsa kafin ta fita. Ta ga ƙafafu iri-iri a duniya, amma wannan ta jininta ce. Farcen babban yatsa ya yi kauri ya murɗe, bakinsa ya huda nama, wurin ya kumbura yana ruwa. Na ƙananan yatsun sun lanƙwasa sun shige ƙarƙashi, kowanne yana sukar maƙwabcinsa. Gefen ƙafar na waje ya yi kaushi mai tauri, alamar a kansa ya daɗe yana takawa don ya kare yatsan. Ta cire ta hagu, ita ma kusan haka. A kan wannan ƙafar mutum ya shekara yana yawo bisa tayil, cikin silifas da suka fi shi girma, sannan aka kwashe shi zuwa hoton ƙwaƙwalwa! Ta rasa wa za ta fara zagi, likitocin, ko Injiniya, ko ita kanta da ta yi ta zuwa gaisuwa tana kallon safa ba ta ce komai ba.

Jaridar ta daina sauka a kanta. Da ta ɗago sai ta ga ya juyar da fuska wajen taga.

"Marigayiya ce take yanke mini farcen," ya ce, muryar ba ta Hedimasta ba ce. "Duk Asabar, bayan ta wanke mini ƙafa. Shekara arba'in da huɗu."

"Tun da ta rasu ke nan ba a taɓa su ba?"

"Na gwada. Bayana ba ya bari in kai, idona kuma ba ya gani sosai. Sau ɗaya na yanki nama, na bari."

"Shekara biyu, Yaya! Ba ka da baki ne?"

"In ce wa wa? In ce wa ɗana ya durƙusa ya yanke mini farce? Ko matarsa?"

"Ni fa? Mutuwa na yi?"

Dukansu sun san dalili, hannun mai shara ne. Tausayi ya taso mata, haushi ya danne shi, ta tashi ta ɗebo ruwan ɗumi a roba. Ta wanke ƙafafun, ta busar da su yatsa bayan yatsa, amma ba ta yanki komai ba. Ta san iyakarta. Ƙafar mai ciwon suga, ga rauni a jiki, ba ta mai shara ba ce.

Ranar Alhamis da la'asar ta zo da Sista Mai Ƙafa, wadda ta biyo daga aiki da 'yar jakarta. Sista ta zauna a ƙasa ba tare da wani iyayi ba, ta fito da wani abin yankan farce mai kama da filaya, ta rage kaurin farcen kaɗan-kaɗan, ta zaro tsinin da ya nutse a nama, ta wanke raunin ta ɗaure. Ta sa shi ya rufe ido ta gwada shi da zaren robar nan. A wuri goma da ta taɓa, ya ji takwas.

"Baba, ƙafar nan da sauranta," ta ce. "Amma in ka ƙara wata biyu a keken nan, ko an gyara ƙafar babu cinyar da za ta ɗauke ka." Ta ɗaga silifas ɗin da yatsa biyu ta miƙa wa Goggo. "Waɗannan kuma a kai su bola."

Goggo ta tono tsohon baƙin takalminsa a cikin wani kwali a sito, ta kai wa mai gyaran takalmi ya buɗa gabansa, ya sa masa ƙasan roba mai zane wanda ke kama ƙasa. Matar Injiniya, wadda ba ta cika magana ba, ta naɗe ƙananan kafet ɗin da ke warwatse a hanya ta ce wanki za a kai, ta kuma daina zuba ruwan da ke sa tayil ƙyalli. Abu ɗaya Hedimasta ya roƙa, kada ɗansa ya sani tukuna. Ya ce yaron ya tsorata ranar da ya ɗauke shi cikin jini, har yanzu bai dawo daidai ba. Goggo ba ta so ɓoye-ɓoyen ba, amma ta yarda.

Mako shida tana zuwa kullum in ta tashi aiki, ƙafafunta ita ma suna zogi. Ta shimfiɗa tawul ya tattaro shi da yatsun ƙafa. Ya kama ƙarfen taga ya ɗaga dunduniya ya sauke. Ya tashi daga kujera ya zauna, ya tashi ya zauna, tana ƙirga masa da ƙarfi yadda shi ma yake ƙirga bulala a zamaninsa. Ya yi mita, ya ce ta mai da shi ɗan aji ɗaya, ta ce ɗan aji ɗaya ai ya fi shi, tunda shi yana zuwa makaranta da ƙafarsa. Ranar farko taku uku ya yi ya nemi kujera yana haki. A mako na shida yana yin goma sha biyu, hannunsa a kafaɗarta. Bai taɓa cewa an gode ba. Sau ɗaya dai, tana shafa masa mai a dunduniya, ya ce, "Hannunki irin na Inna ne." Ta yi kamar ba ta ji ba, ta ce ya miƙo ɗaya ƙafar.

Ranar da asiri ya tonu a falo suke, don ya fi ɗakin tsawo. Suna tsakiyar taku suka ji ƙarar mota a tsakar gida, awa biyu kafin lokacin da Injiniya ya saba dawowa. Tsohon ya saki kafaɗarta ya faɗa cikin keken, ya ja mayafi ya rufe gwiwa. Amma mayafin bai kai ƙasa ba, ga baƙin takalmi nan ɗaure da igiya yana ƙyalli. Injiniya ya shigo, ya dubi takalmin, ya dubi gumin da ke goshin ubansa, ya dubi inda kafet suke a da. Fuskarsa ta canza.

"Goggo, tayar da shi kike yi?"

"Mako shida ke nan. Taku goma sha biyu yake yi."

"Ke likita ce? Don Allah ki gaya mini, ke likita ce? Na kai shi wurin manyan likitoci huɗu. In ya faɗi a hannunki ƙugunsa ya karye, me za ki ce mini? Ke da kanki kin san yadda ake kawo su."

"Na fi ka sani, shi ya sa. Likitocin naka huɗu, akwai wanda ya ce a cire masa safa? Kai da kake kwana gida ɗaya da shi, yaushe rabonka da ganin yatsun ubanka?"

Maganar ta shige Injiniya. Sai ya juya ya durƙusa a gaban keken, idonsa ya yi ja. "Baba, kai ka ce a yi haka? In kai ka ce, ka gaya mini."

Goggo ta zuba wa yayanta ido. Kalma ɗaya ake nema, kuma ya fi kowa iya magana a duniya. Ya dubi ɗansa, ya dubi tayil ɗin, ya sunkuyar da kai yana murza bakin mayafi.

"Ni ban ce ta yi ba," ya ce. "Ka dai san halin Auta."

Wani abu ya tsinke a ƙirjinta. Ta ɗauki jakarta ta rataya, ta tsaya a gabansa.

"Ka shekara talatin kana tsayar da 'ya'yan mutane a rana, kana gaya musu ƙarya ce uwar laifi. Yau ga ka kana shara ta a gaban ɗanka, don kawai tsoron tsayuwa. Inna ta shekara bakwai a kwance tana roƙon Allah ya ba ta taku ɗaya, ni na ji da kunnena, kai kana makaranta. Kai an mayar maka da ƙafa biyu ka ce ba ka so. To zauna! Ka ruɓe a ciki. Ranar da aka kawo ka ɗakinmu zan goge ƙarƙashin gadonka kamar na kowa. Hedimastan banza, rago kawai!"

Ta juya ta nufi ƙofa. Tunda aka haife shi babu mahalukin da ya taɓa ce masa rago, balle ƙanwar da ya goya.

"Ke! Auta! Ni kika ce wa rago? Tsaya nan!"

Ba ta tsaya ba. Sai ta ji keken ya yi ƙara, irin ƙarar da yake yi in an sauke masa nauyi. Ta ji takalmi ya taka tayil, ɗaya, sannan ɗaya. Ta ji Injiniya ya ce, "Baba!" ta kuma ji muryar matarsa ƙasa-ƙasa amma da ƙarfi tana cewa, "Bar shi. Na ce ka bar shi."

Ba ta waiwaya ba. Duk jikinta yana ce mata ta juya ta tare shi. Amma ta san shi, ta san in ta waiwaya zai ga tsoro a fuskarta, ya tuna cewa babu kafaɗa a ƙarƙashin hannunsa, gwiwoyin su saki. In kuma ya faɗi a kan tayil ɗin nan, ita ce ta karya shi da bakinta, kuma har ta mutu ba za ta yafe wa kanta ba. Ta cije leɓe ta ci gaba da tafiya, sai dai ta rage sauri har kamar ba ta motsi.

"Mara kunya! Ni na koya miki baƙaƙe! Ki tsaya in ji wanda ya ba ki bakin zagina!"

Taku takwas, tara. Ta ji tafin hannunsa ya dafa bayan doguwar kujera ya saki. Ta fita ƙofar falo, ta sauka 'yar matakala guda da ke wurin, wadda ba su taɓa gwadawa ba. Ta ɗaga murya ba tare da ta juya ba.

"Ka kama ƙarfen ƙofar, ko shi ma sai ɗanka ya ba ka izini?"

"Ba ke za ki koya mini sauka ba!"

Ta kasa kunne. Ta ƙirga numfashinta uku. Sannan takalmi ya sauka a kan siminti, na biyu ya biyo shi. A gilashin motar da ke tsakar gida ta hango shi, dogo, a ɗan duƙe, mayafin ya faɗi can baya, yana ɗaga yatsa yana nuna ta. Bayansa ga Injiniya da hannuwa a buɗe, matarsa ta riƙe masa riga. Hawaye suka zubo wa Goggo, ta bar su, don in ta ɗaga hannu ta share zai gane. Ya bi jikin motar yana dafawa, yana ta faɗa, ya tono laifinta na shekara hamsin, har da ranar da ta zubar masa da tawada a littafi. Ta daina ƙirga a ashirin da bakwai.

A bakin get ta tsaya, don babu sauran inda za ta je. Ya iso ya damƙi ƙarfen get ɗin da hannu biyu yana haki, gumi ya jiƙe masa riga. Ya buɗe baki zai ci gaba da faɗan, sai idonsa ya sauka a kan takalminsa. Ya waiwaya a hankali. Can cikin falo, ta ƙofar da ke buɗe, ga keken nan babu kowa a ciki, da nisan da ya fi duk wanda ya taka tun da aka sa shi a ciki. Faɗan ya tsere daga bakinsa.

"Auta," ya ce da wata ƙaramar murya, "to yanzu wa zai mai da ni?"

Ta share fuska da gefen gyalenta, ta gyara jakarta a kafaɗa, ta matso ta tsaya daf da shi. Ba ta miƙa masa hannu ba.

"Wanda ya kawo ka," ta ce.